Takardar Mijin Aminiyata Tana Cikin Durowata

Assalamu alaikum Goggo,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma kada ki sa wasiƙata a layin jira, domin kwana tara kacal suka rage mini. Na daɗe ina karanta filin nan naki, har nakan ce ni dai ban ga abin da zai sa in kai kukana jarida ba. To, yau ga ni. Ki yi haƙuri da tsawon zancen, in ban faro miki daga tushe ba, ba za ki gane abin da ya tsaya mini a wuya ba.

Shekarata arba'in da huɗu, ina da aure da 'ya'ya uku. Shekara goma sha bakwai ke nan ina aiki a wani kamfanin sabulu, a sashen naɗi. Bel, wato ɗamarar inji mai tafiya da kaya, yana kawo sabulu daga injin yanka, mu mata muna tsaye gefe da gefe, mu tsince mai tabo, mu naɗe mai kyau, mu jera a kwali. In na shiga motar haya ba sai na faɗi inda nake aiki ba, ƙamshin lemo da ke jikina ya riga ya tona mini asiri. Baban yara har tsokanata yake yi, wai shi kaɗai ne a unguwa ya auri matar da ba ta bukatar wanka.

Ina da aminiya tun muna aji biyu na firamare, benci ɗaya muke zama. Ƙawalli nake ce mata, ita ma haka take ce mini, har yaranmu suka taso suna zaton sunanmu ke nan. Ita ta yi jinyata a haihuwata ta fari. Ranar da mahaifina ya rasu, ita ta riƙe Inna da ta zube a tsakar gida. Mijinta shi ne shugaban sashenmu a lokacin, kuma shi ya samo mini aikin nan sa'ad da Baban yara ya faɗo daga tsani yana haɗa wayar lantarki, ya yi wata takwas a kwance. Na faɗa miki wannan ne don kada ki ɗauka ni butulu ce. Na san alherin da aka yi mini. Yaya nake ce masa. Matan layi kuwa a bayan idonsa Mai Turare suke kiransa, saboda turarensa yana rigansa shigowa, har ya danne na sabulun.

A ƙarshen sashenmu akwai sito, ɗaki mai ƙofa ɗaya, ba taga, sakata ta ciki. Shi ke raba aiki, shi ke rubuta wadda ta makara, shi ke cewa wa za a sabunta wa kwantiragi. Jifa-jifa sai ya kira ɗaya daga cikin sababbin 'yan mata, wai ta zo ta gyara masa kwalaye a sito. Wata ta dawo ta yi ta aiki kanta a sunkuye har a tashi. Wata kuma bayan sati biyu a neme ta a rasa. Goggo, ba zan yi miki ƙarya ba, na daɗe da shan jinin jikina. Amma sai in ce wa kaina ai ban gani da idona ba, kuma mijin Ƙawalli ne. Shekaru na yi ina naɗe sabulu ina naɗe bakina.

Sai aka kawo mana wata yarinya, muka sa mata Auta don ita ce ƙarama a layi. Shekararta ashirin da biyu, ita ke riƙe da mahaifiyarta mai ciwon ƙafa. Hannunta sauri kamar inji, ga surutu, ga waƙa. Wata Laraba da tsakar rana na je ɗauko takardar naɗi kusa da sito, sai ƙofa ta buɗe da ƙarfi, Auta ta fito a guje, hannun rigar aikinta a yage tun daga kafaɗa, hularta a hannu. Muka yi ido huɗu da Mai Turare yana tsaye a cikin siton. Ko a jikinsa. Ya gyara agogon hannunsa ya ce mini, “Ƙanwata, ya aiki?” Ranar Juma'a aka liƙa sunan Auta a allo, wai an sallame ta saboda yawan makara. Yarinyar da take rigan mai shara zuwa!

Saboda darajar Ƙawalli na fara samunsa shi kaɗai. Na ce, Yaya, ka ji tsoron Allah ka mayar da yarinyar nan bakin aikinta, ka kuma daina abin da kake yi, ni ba wanda zai ji daga bakina. Ya yi dariya har da buga tebur, ya ce hannun da ya sa ni a layi bai manta yadda ake cire mutum ba. A ranar na gane ba a sirrance za a gyara wannan ba.

Na tara matan a ɗakin canja kaya lokacin hutun rana. Da farko kowa na kallon takalminta. Sai Iya mai shara, tsohuwar da ba ta cika magana ba, ta ajiye tsintsiyarta ta ce ita ke share siton nan shekara tara, kuma ta gaji da tsintar maɓallan riga. Daga nan baki ya buɗe. Mata goma sha ɗaya suka faɗi abin da ya same su, wasu suna kuka, wasu suna zagi. Shida suka yarda a rubuta sunansu. Iya ba ta iya rubutu ba, ta dangwala yatsa.

Muka je ofishin da ke ba marasa ƙarfi lauya kyauta. Aka haɗa mu da lauya, wata 'yar gajeruwar mata mai tabarau rataye da zare, in kin gan ta sai ki ce iska za ta ɗauke ta, amma in ta miƙe a kotu har mai gadin ƙofa sai ya gyara tsayuwa. Ta ce kowa ta rubuta rana, da lokaci, da wanda ya gani. Wata goma sha huɗu muka yi muna zarya. A cikin kamfani aka mayar da ni wurin haɗa sinadari, fatar hannuna ta yi ta saɓulewa. Wasu suka daina amsa gaisuwata. Baban yara kuwa duk ranar zama sai ya rufe shagonsa, ya goya ni a babur ya kai ni, ya tsaya a waje har a tashi.

Mun ci shari'a, Goggo. Alƙali ya ce a mayar da Auta da duk haƙƙoƙinta, ya tabbatar da laifin Mai Turare, kamfani ya sallame shi. Aka sa wa ƙofar sito gilashi. Ranar da kafinta ya zo cire sakatar nan, sai da aka tsayar da bel, don dukanmu mun bar aiki mun je kallo. Iya ta roƙi a ba ta sakatar, ta ƙulle ta a gefen zani ta tafi da ita gida.

Bayan wata biyar Lauya ta ce majalisa za ta saurari jama'a a kan wata doka ta kare mata a wuraren aiki, kuma tana so in yi magana. Ni da ko sakandare da ƙyar na gama! Na je da rigar aikina. Wani ɗan majalisa mai ƙatuwar murya ya ce in aka yi dokar nan, duk macen da ta ji haushin shugabanta sai ta ƙulla masa sharri. Ban san lokacin da na ɗaga hannuwana sama ba. Na ce, ranka ya daɗe, dubi tafin hannuna. Wata goma sha huɗu muka yi muna zuwa kotu, an zage mu, an yi mana kallon 'yan iska. In akwai macen da za ta sha wannan saboda jin haushi kawai, a nuna mini ita in je in gaishe ta. Zauren ya kaure da tafi har sai da shugaban zama ya buga guduma.

Dokar ta wuce. Yanzu duk wurin aiki mai ma'aikata sama da ashirin dole ya kafa kwamitin sauraron ƙorafi, kuma mata su fi yawa a ciki. Ba a korar wadda ta kai ƙara sai an gama bincike. Sannan duk makaranta ko asibiti ko wurin da ake kula da mata da 'yan mata, kafin su ɗauki mutum aiki sai sun rubuto wa kwamitin tsohon wurin aikinsa suna tambaya ko an taɓa samunsa da irin wannan laifi. A kamfaninmu ni aka zaɓa shugabar kwamiti, mu biyar ne, har da Auta, wadda yanzu ita ke jagorantar layi na biyu. Mun kuma kafa ƙungiyar taimakon kai da kai, kowace mace ta buɗe asusu da sunanta, albashinta ya daina bi ta hannun wani. 'Yata ta yanko hotona daga jarida ta sa a firam, duk baƙon da ya shigo sai ta nuna masa tun kafin a kawo masa ruwa. Ba zan ɓoye miki ba, ina alfahari da abin da muka yi. In zan mutu gobe, na san na bar wani abu.

Amma na rasa Ƙawalli. Washegarin da sammaci ya isa gidansu ta zo ta tsaya a bakin ƙofata, ta ƙi shigowa. Ta tambaye ni ko da gaske da ni aka haɗa baki. Na ce mata da idona na gani. Ta ce da na ɗauki wuƙa na soka mata da ya fi mata sauƙi. Shekara uku ke nan ba ta ce mini ko sannu ba. In muka haɗu a kasuwa sai ta juya ta kama taya bokitin da ba ta da niyyar saya. Yaranta huɗu da suke ce mini Mama, yanzu in sun hango ni sai su tsallaka titi. Shi bai sake samun tsayayyen aiki ba. Ita ke wanki da guga a gidajen mutane, macen da a da ko kwalliyarta aka gani an san a wadace take.

Ranar Asabar ta makon jiya ina shanya a tsakar gida, sai na ji sallamarta. Goggo, cikin ɗaruruwan muryoyi zan gane wannan. Ta rame, wuyanta duk ƙashi. Kafin in ce ta zauna ta durƙusa a kan siminti ta riƙe ƙafata. Ta ce mijinta ya ci intabiyu a wata makarantar koyon jinya ta 'yan mata, za a ba shi kula da sito da makullan ɗakunan kwanan ɗalibai. Abu ɗaya ya rage, takardar tambaya da makarantar ta aiko wa kwamitinmu. A dokar, in kwana ashirin da ɗaya suka wuce ba amsa, makarantar tana iya ɗaukarsa kamar ba komai. Ta ce ba ta ce in yi ƙarya ba, ba ta ce in sa hannu a komai ba. “Ki manta da ita kawai, Ƙawalli,” in ji ta. Rabon da in ji wannan suna a bakinta shekara uku. Ta ce ya tuba, ya canja, ba ya ko fita. Muna cikin magana wayarta ta yi ƙara, ta zabura kamar an watsa mata ruwan zafi, ta ce shi ne, ya ce kada ta wuce rabin awa. Ta fita ko ruwan da na zuba mata ba ta sha ba.

Gaskiya ne takardar ta zo, kuma hannuna ta faɗo tun da ni ce shugaba. Sauran huɗun ba su san da ita ba. Tana cikin durowata, ƙarƙashin safar hannu, yau kwana goma sha biyu. Tambaya ɗaya ce a ciki, da akwati biyu, na e da na a'a.

Inna ta ce in dubi yaran nan, ta ce wanda ya tuba ba a binsa da tsohon laifi har kabari, kuma in tuna wa ya rufa mana asiri lokacin da Baban yara ke kwance. Baban yara ba ya son dogon zance. Ya ce sau goma sha tara ya kai ni kotu, in kuma gidan waya nake son zuwa in aika amsar, babur yana da mai. Amma daga baya na ji shi yana ajiyar zuciya yana cewa, “Sai dai fa Ƙawalli ce.”

Ni kuma na kasa cin abinci. In na tuna wuyanta sai in ce mene ne kwana tara, in kau da kai kawai. In na tuna kalmar makulli sai ƙofar siton nan ta faɗo mini a rai. Ban taɓa jin ya nemi gafarar Auta ko ɗaya daga cikin matan ba, amma ni wace ce da zan san abin da ke zuciyar bawa? Na riga na cire abinci daga bakin yaran nan sau ɗaya. In sake? Kuma in na amsa, na san har abada ni da ita sai a lahira. Goggo, me zan yi?

Taki,
Mai Naɗin Sabulu

AMSAR GOGGO

Wa alaikumus salam 'yata,

Na tsallake wasiƙu da yawa na ɗauko taki, masu su su yi mini afuwa. Kafin komai, bari in ce sannu da aiki, ke da Iya da Auta da sauran matan da suka ba da sunansu. Na karanta wa abokan aikina amsar da kika ba ɗan majalisar nan, har mai ɗaukar hotonmu ya ce a sake karantawa. Alfaharin da kike yi halalinki ne, kada ki rage ko kaɗan.

Yanzu ga maganata ba kwana-kwana: gobe da safe ki fito da takardar nan ki ajiye ta a gaban kwamiti.

Kin ce ba a nemi ki yi ƙarya ba. An nema, 'yata, an dai sassauta mata suna ne. Tun da doka ta ce rashin amsa daidai yake da babu laifi, to shirunki amsa ce, kuma amsar a'a ce, alhali kotu ta ce e. Sannan takardar ba taki ba ce. Sunan kwamiti ke kanta, kuma mata huɗu da suka amince da ke ba su san tana nan ba. Irin wannan ba ya ɓoyuwa. Ranar da ya fito, ba kujerarki kaɗai za ta tafi ba. Duk mai jiran ya ce kwamitocin nan na son kai ne ya samu abin faɗa, kuma yarinyar da za ta kawo ƙara gobe za ta tsaya tana tunanin ko wanda take ƙara yana da ƙawa a ciki. Ki kira Lauya yau ki faɗa mata an yi kwana goma sha biyu, ta gaya miki matsayinki a doka.

Amma ba dole ba ne hannunki ya cika takardar. Ki gaya wa kwamiti alaƙarki da gidan nan, ki janye daga zaman, a rubuta cewa kin janye. Auta ma ta janye, don ita ce mai ƙara a shari'ar. Sauran ukun su amsa, su rubuta abin da kotu ta yanke da ranar da ta yanke, ba ƙari, ba ado, ba labarin da aka ji a ɗakin canja kaya. Wannan ba tsoro ba ne, haka adalci yake, kuma shi kansa mutumin yana da haƙƙin kada a ɗora masa abin da ya wuce hukuncinsa.

Ki gaishe mini da Inna, ki ce mata ban ƙi maganarta ba. Tausayin yaran nan wajibi ne, alherin da aka yi muku ma gaskiya ne, kuma ƙofar tuba ba a hannun ɗayanmu take ba. Sai dai dokar ba ta hana shi neman abinci ba. Akwai wuraren lodin kaya, akwai shagunan kayan gini, akwai tuƙi, akwai ayyuka birjik da ba ruwansu da wannan takarda. Abin da ake tambaya shi ne ko ya dace a danƙa masa makullan ɗakin da 'ya'yan mutane suke kwana. Waɗannan ɗalibai ba su ci alherinsa ba, ba da su za ki biya shi ba. Ni dai a sanina, wanda ya tuba da gaske shi da kansa yake nesanta kansa da wurin da ya taɓa faɗuwa. Kuma ban ji daɗin yadda ya zauna a gida ya turo matarsa ta durƙusa ba, har da yanka mata lokaci.

Wannan ya kawo ni kan Ƙawalli, wadda ita ce ainihin abin da ya sa kika rubuto. Ki daina cewa ke kika cire abinci daga bakin yaranta. Kin same shi a ɓoye kin ba shi hanyar fita, ya yi miki dariya. Abin da ya biyo baya aikin hannunsa ne. Ita kuma ba maƙiyiyarki ba ce. Mace ce da aka bar wa kayan da ba ita ta ɗaura ba, kuma fushi da ke ya fi mata sauƙi a kan ta yarda da abin da ta ji game da uban 'ya'yanta.

Kada ta ji labarin a bakin wani. Da zarar kin miƙa takardar, ki nemi ganinta, ba a gidanta ba, a ɗakin Inna, da rana, ku biyu. Ki faɗa mata abin da kika yi da dalilinki, a taƙaice, kada ki tsaya kare kanki. Ki bar ta ta yi kuka, ta yi faɗa in za ta yi. Ki tabbatar ta fahimci cewa kwamiti ne ya amsa, kuma ba yadda za a yi mutum ɗaya ya danne takarda, domin ta samu abin da za ta faɗa a gida. Ba na so a ce aikin ya kuɓuce ne don ba ta iya roƙo ba.

Zaburar nan da ta yi da waya ta yi ƙara ta tsaya mini a rai. Daga nan inda nake ba zan yanke hukunci a kan gidan da ban shiga ba, ke ma kada ki yanke. Amma ki tambaye ta a hankali ko tana lafiya a ɗakinta, ba tare da kin zagi mijinta ba. In ta ce lafiya lau, ki karɓa, ki dai ba ta lambar Lauya, ki kuma gaya mata ƙofarki a buɗe take gare ta da yaranta kowane lokaci, ba sai ta yi bayani ba.

Sannan ki taimake ta ta hanyar da ba ta bi ta kan amanar kowa ba. Kuna da ƙungiya. Ki tambayi sauran matan, a fili, ko za su karɓe ta. Ta buɗe asusu da sunanta ita kaɗai. Macen da ta iya wanki da guga har mutane suke kiranta gidajensu tana da sana'a a hannu, abin da ta rasa shi ne inji da wurin kanta. In za ki taimaka da karatun yaran, ki kai makaranta kai tsaye. Shi kuma Baban yara, wanda na ga alama mutumin kirki ne ƙwarai, ya san mutane a harkar gini da lantarki. In ya ji aikin da ya dace, ya isar da labari. Ba wanda ya ce ku zuba ido gidan ya rushe.

Ba zan yi miki alkawarin za ta karɓa ba. Tana iya tashi ta fita, ku sake yin wasu shekarun ba magana. Ki shirya wa wannan, zai yi ciwo. Amma ki lura, duk da fushin shekara uku, da ta rasa inda za ta dafa, ƙofarki ta nufa. Abin da ke tsakaninku bai mutu ba. In kika saye shi da shiru, kullum kuka haɗa ido ke da ita kun san farashinsa, kuma in wani abu ya samu 'yar wani a makarantar nan, ba ke ba ita ba mai sake samun sukuni.

Abu na ƙarshe, aiki ne na ba ki. Kin gano rami a dokarku. Sharaɗin da ya mayar da shiru wanke laifi yana gayyatar a riƙa durƙusa wa shugabannin kwamiti, kuma ba kowa ne zai rubuto wa Goggo ba. Ku zauna da Lauya ku nemi a gyara, ya zama ba a ɗaukar mutum sai amsa ta iso, kuma takarda ta riƙa zuwa hannun mutum biyu. Kin san hanyar majalisa, su ma sun san muryarki.

Ki ci abinci, 'yata, gobe akwai aiki. Allah ya ƙarfafa zuciyarki, ya sanyaya ta Ƙawalli, ya buɗa wa gidanta ta hanyar da ba za a cuci kowa ba, ya kuma tsare 'ya'yan mutane da iyayensu suka tura neman ilimi suna masu amanna cewa akwai manya a wurin. Kina cikin manyan nan.

Taku,
Goggo